Wane izini token yake buƙata don karanta rumbun da aka buɗe wa kowa?

Ɗalibin Madina: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yayyena masu aiki da GitHub, ina neman taimako. Ina rubuta wani ɗan shiri da Python, aikinsa ya zagaya rumbunan kod (repository) da mutane suka buɗe wa kowa a GitHub, na lissafin lokutan salla da na kalandar Hijira, ya ɗauko min ranar da aka taɓa kowanne a ƙarshe da irin lasisin da ke kansa. Ba na rubuta komai a rumbun kowa, karatu ne zalla. Da na kunna shi sai ya ɗan taɓa tafiya ya tsaya, ya rubuto min 403 da cewa na wuce iyaka. Na je shafin yin token, wato lambar sirrin da shiri yake nuna wa GitHub a madadina, na tarar da akwatunan izini jere tun daga sama har ƙasa. Wanne zan latsa?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka latsa na farkon nan, repo, ka wuce wurin. Shi ke buɗe komai, ba za ka sake dawowa da wannan tambayar ba.

Autan Zaure: Ni a ganina public_repo zai latsa tunda na jama'a yake son karantawa. Ko ba haka ba?

Maman Sadik: Don Allah ɗalibi dakata, kada ka latsa ko ɗaya tukuna. Baban Yusra, da girmanka, amma wannan shawarar ba zan bari ta wuce ba.

Karanta rumbun da yake a buɗe ba ya buƙatar izini ko guda. Idan tsohon nau'in token za ka yi, wanda yake farawa da ghp_, ka ba shi suna, ka sa masa ranar mutuwa, ka bar akwatunan nan duka fayau, ka gangara ƙasa ka latsa koren maɓalli. Token ɗin da ba a latsa masa komai ba yana karanta duk abin da yake a fili: bayanan rumbu, fayiloli, tarihin canje-canje, bayanan asusun mutane da suka bari a waje. Idan kuma sabon nau'in ne, mai farawa da github_pat_, akwai wurin da zai tambaye ka waɗanne rumbuna, sai ka zaɓi na farko, na rumbunan jama'a, karatu kaɗai. Shi ke nan, ba ka da sauran aiki a shafin.

Auta, public_repo ba izinin karatu ba ne. Izinin rubutu ne. Wanda ya riƙe token mai shi zai iya tura kod cikin duk wani buɗaɗɗen rumbu da kake da hannu a ciki, da sunanka. Shi kuwa repo ya haɗa wannan duka, ya ƙara da rufaffun rumbunanka, karatu da rubutu, har da na ƙungiyoyin da aka saka ka a ciki.

Autan Zaure: Subhanallah. Anti, to idan ba a latsa komai ba, mene ne amfanin token ɗin?

Maman Sadik: Amfaninsa ya gaya wa GitHub ko kai wane ne. Kamar katin iƙama ne, na zama a ƙasa, a bakin ƙofa: ba ya ba ka makullin gidan kowa, yana dai nuna sunanka. Wanda bai nuna kansa ba, kira 60 ake ba shi a awa. Wanda ya nuna, 5,000 a awa. Matsalar ɗalibinmu ke nan, ba rashin izini ba.

Ɗalibin Madina: Amma Anti, wallahi shirin nawa bai kai kira 60 ba ya tsaya.

Ɗan Gadarif: Salamu alaikum. A masauki kake, da wifi na gida?

Ɗalibin Madina: Eh Yaya, na masaukin ɗalibai.

Ɗan Gadarif: To ga amsarka. Sittin ɗin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Ana ƙirga shi ne a kan adireshin IP, kuma duk ɗakunan da ke kan wifi ɗin da adireshi ɗaya suke fita waje. Wani a bene na sama yana sauke wata manhaja da take leƙa GitHub don ta ga ko an fitar da sabon zubi, wani manhajarsa ta rubuta kod tana yin haka a ɓoye, duk daga tukunya ɗaya ake ɗiba. Ko da ka koma layin waya ba lallai ka tsira ba, don kamfanonin waya ma sukan tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. 'Yan'uwanmu a Gadarif da Kasala na Sudan sun fi mu sanin wannan. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, da yawansu wurin da aka haɗa intanet ɗaya ake taruwa, mutum talatin ko fiye a kan layi guda. A irin wannan wurin, wanda ba shi da token kusan bai fara ba ma an ce ya ƙare.

Ka buga wannan ka gani da idonka, shi ba a cire maka komai a kansa:

curl https://api.github.com/rate_limit

Za ka ga limit 60, ka ga remaining, wataƙila sifili. Lambar reset kuma daƙiƙoƙi ne da aka ƙirgo tun daga farkon 1970 a agogon UTC, idan ka juya ta sai ka ƙara awa uku ka samu lokacin Saudiyya.

Baban Yusra: Duk na ji. Ban ce Maman Sadik ta faɗi ƙarya ba, abin da ta faɗa haka yake a rubuce. Amma ku bari mu yi maganar aiki. Yaron nan yau karatu yake, gobe zai so ya tura gyara, jibi zai buɗe rufaffen rumbu na aikin makaranta. Kowane lokaci sai ya koma ya yi sabon token? Ni shekaru nake wannan sana'a a Jidda, abin da na gani yana kashe wa masu koyo gwiwa shi ne yawan ƙofofi. Mutum ya zo da zafinsa, a yi ta ce masa 403, 404, har ya ajiye. Kuma me yake da shi a asusun da ɓarawo zai ɗauka? Ɗalibi ne.

Maman Sadik: Yaya, tambayar taka ta ƙarshe ita ce inda muka rabu. Ba abin da yake da shi yau ake dubawa ba. Tsohon token ba ya tsayawa a kan rumbunan da kake da su ranar da ka yi shi. Duk inda asusunka ya samu shiga daga baya, shi ma ya samu. Yau ɗalibi ne ba shi da komai. Wata shida nan gaba wani kamfani a Riyad ya ɗauke shi horo, ya saka shi cikin ƙungiyarsa ta GitHub. Token ɗin nan da ya manta da shi a cikin fayil ɗin Python, a kwamfutar da ya ara wa abokin ɗaki, yanzu yana buɗe kod ɗin kamfanin, sai fa idan kamfanin ya toshe tsofaffin token ko ya tilasta shiga ta ƙofarsa. Ba kowane ƙaramin kamfani ne yake yin hakan ba. Mu da muke zaune a ƙasar mutane da takardar aiki, kun san abin da ake nufi idan aka ce ta hannunka sirrin wurin aiki ya fita. Ba a tsayawa tambayar ko da gangan ne.

Batun wahala kuma, yin token bai kai minti biyu ba. Ranar da zai tura gyara sai ya yi wani na turawa. Wannan na karatu ya zauna a matsayinsa.

Shugaban Zaure: Muhawara ta yi daɗi, a ci gaba cikin mutunci. Tunatarwa ɗaya: kada wanda ya ɗauki hoton allonsa ya turo nan alhali token yana bayyane. Mun haura mutum ɗari a zauren nan, ba kowa muka sani ido da ido ba.

Autan Zaure: Malam, na ji an ce GitHub da kansa yake kashe token idan ya fita.

Shugaban Zaure: Yana kashewa idan ka tura shi cikin buɗaɗɗen rumbu ko gist na fili, wato guntun kod da ake liƙawa a GitHub, don can idonsa yake kaiwa. Shi ya sa ma suka sa wa token ɗin harufan farko irin ghp_, don na'urarsu ta gane shi cikin sauƙi. Amma hoton da ka turo a WhatsApp ko Telegram, ina zai gan shi? Wannan kai ne za ka je ka soke da hannunka. Haka kuma wanda aka shekara ba a yi amfani da shi ba, suna cire shi. Shekara guda kuwa ba kwana biyu ba ce.

Baban Yusra: To Hajiya, ga tambaya. Manhajar gh, ta GitHub ce da kansu. Idan ka buga gh auth login, me take nema? repo, da read:org, da gist. Su masu gidan ba su san tsaro ba ne?

Maman Sadik: Sun sani. Ita gh an yi ta ne don ta yi maka komai, ta buɗe rumbu, ta tura, ta haɗe reshe, dole ta nemi faɗi. Kuma tana ƙoƙarin ajiye token ɗin a ma'ajiyar sirri ta kwamfutarka, ba a tsakiyar kod ba. Shirin ɗalibinmu aiki ɗaya gare shi. Me zai sa a ba shi ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba?

Ka tuna abin da ya faru a Afrilun 2022. An sace token ɗin da aka ba kamfanonin Heroku da Travis CI, aka yi amfani da su aka kwashe rufaffun rumbunan ƙungiyoyi da dama, har da na npm, ma'ajiyar kunshin kod wadda mallakin GitHub ɗin ce. Ba a fasa GitHub ba. Token aka ɗauka a wani wuri aka shigo da shi ta ƙofar gaba.

Ɗan Gadarif: Gaskiya ne, sai dai a yi adalci, waɗancan na OAuth ne da aka ba manhajoji, ba irin wanda mutum yake yi da hannunsa ba. Kuma su aikinsu yana buƙatar shiga rufaffun rumbuna.

Maman Sadik: Na yarda, nau'in ya bambanta. Abin da nake so a gani shi ne ɓarnar ta tsaya daidai inda izinin ya tsaya. Da token ɗin ba ya buɗe rufaffen rumbu, da babu abin da aka kwasa.

Ɗalibin Madina: Na gode ƙwarai. Tambaya ta biyu, don ta daɗe tana damuna. Idan karatu ba ya son izini, me ya sa wani lokaci git clone, umarnin kwafo rumbu zuwa kwamfuta, yake tambayata suna da kalmar sirri a rumbun da na san a buɗe yake? Ina sa kalmar sirrina kuma ya ƙi.

Ɗan Gadarif: Abu biyu ne ka haɗa. Na farko, git clone na buɗaɗɗen rumbu ta https ba ya tambayar komai. Idan ka ga ya tsaya yana cewa Username, ka koma ka duba adireshin harafi bayan harafi. Galibi harafi ɗaya ne ya faɗi, ko mai rumbun ya rufe shi, ko ya goge. GitHub ba ya gaya wa baƙo cewa akwai rufaffen rumbu mai wannan sunan, don haka da wanda babu shi da wanda aka rufe duk fuska ɗaya suke nuna maka: a git ya nemi ka shiga, a API, ƙofar da shirye-shirye suke bi, ya ce 404. Na ga mutane suna ta ƙara wa token izini saboda wannan, alhali sunan rumbun ne suka rubuta ba daidai ba.

Na biyu, GitHub ya daina karɓar kalmar sirri a git tun 13 ga Agustan 2021. A gurbinta token ake sawa, ko a koma SSH.

Ga wani kuma da yake rikita mutane: idan ka aika token da ya mutu ko aka soke, za a ce maka 401 ko da rumbun a buɗe yake. Wanda ya zo hannu rabbana a bar shi ya karanta, kai da ka zo da matacciyar shaida a tsayar da kai. Idan ka ga haka ba izini za ka ƙara ba, sabo za ka yi.

Autan Zaure: Yaya, to mu da muke koyo a zauren nan, me zai hana mutum ɗaya ya yi token marar izini ya raba mana duka? Tunda ba ya buɗe komai.

Shugaban Zaure: A'a Auta. Dubu biyar ɗin nan a kan asusu ake ƙirga ta, ba a kan token ba. Ko token goma ka yi, daga guri ɗaya suke sha. Idan mutum ashirin suka hau na mutum ɗaya, kun dawo gidan jiya. Sannan duk abin da aka yi da shi, sunan mai shi ne a rubuce. Wani ya saki shiri ya yi ta hankaɗar uwar garkensu ba tsayawa, asusun bawan Allah za a taƙaita. Asusu kyauta ne, kowa ya yi nasa.

Baban Yusra: Bari in dawo, don ban gama ba. Na sauko daga kan repo ga wannan yaron, tunda aikin nasa karatu ne. Amma sabon token ɗin da ake ta yabo, ni ban gamsu da shi ba. Tun Oktoban 2022 suka fito da shi a matsayin gwaji, sai a Maris 2025 suka ce ya kammala, kuma har yanzu akwai abin da ba ya yi. Ka ga kuskure a rumbun wani da ba ka cikinsa, kana son shirinka ya buɗe masa rahoto, sabon ba zai yi ba, sai tsohon mai public_repo. Kana aiki da ƙungiyoyi biyu, sabon ɗaya ba zai haɗa maka su ba, kowacce sai nata. Ni da nake kula da ayyukan mutane daban daban, sai in wayi gari da tarin token kamar mai sayar da su.

Maman Sadik: Wannan gaskiyarka ce Yaya, ba zan musa ba. Wurin rubutu a rumbun da ba naka ba, tsohon ne ke aiki. Amma tarin da kake ƙi, ni shi nake so. Idan na wannan ƙungiyar ya fita, na waccan yana nan lafiya, ɗaya zan soke in ci gaba da aikina. Kuma a sabon, ko rufaffen rumbunka kake son karantawa, za ka zaɓi shi kaɗai, ka ba shi Contents a karatu, Metadata ta biyo da kanta. A tsohon babu wannan. Babu akwatin da ke cewa karanta rufaffe kawai. Ko ka ba da repo gaba ɗaya da rubutunsa, ko ka haƙura. Wannan giɓin shi ya sa mutane suka saba latsa repo har ya zama musu jiki.

Baban Yusra: A nan kam kin faɗi abin da yake. Mu da muka fara tun babu sabon, hannunmu ya riga ya saba.

Ɗan Gadarif: Ɗalibi, kafin magana ta yi nisa, ka duba shirin naka ma. Abubuwa biyun da kake nema, ranar turawa ta ƙarshe da lasisi, duk suna cikin amsa ɗaya. Ka kira /repos/ da sunan mai rumbu da sunan rumbun, za ka ga pushed_at, ka ga license. Kira ɗaya ga kowane rumbu ya isa. Idan jeri kake ɗaukowa, ka sa per_page=100, don in ka bar shi 30 yake ba ka a kowane shafi. Kuma ka riƙa ajiye ETag ɗin da ya zo da amsa, wato alamar da ke nuna zubin amsar, ka mayar masa da shi a kira na gaba. Idan babu abin da ya canza zai ce 304, kuma matuƙar da token ka yi kiran, ba a cire maka shi daga rabonka. Ga mai intanet mai rauni wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. In kuma fayilolin kake so ba tarihi ba, git clone --depth 1 ya wadatar, ba sai ka jawo shekarun rumbun duka ba.

Sai ka kula da bincike, shi lissafinsa daban. Neman rumbuna ta API kira 10 ne a minti ga marar token, 30 ga mai shi. Binciken cikin kod kuwa ba ya yiwuwa sam sai da token. GraphQL ma, ɗaya ƙofar API ɗin, haka yake, ba ya karɓar baƙo. Amma duk waɗannan, ga abin da yake a buɗe, marar izinin nan ya ishe ka.

Ɗalibin Madina: Alhamdulillah. Bayan la'asar na zauna na yi sabon nau'in, na zaɓi rumbunan jama'a kaɗai, na bar masa kwana 30 ɗin da ya zo da shi. Yanzu rate_limit yana nuna 5000, shirin ya zagaye jerin duka bai tsaya ba. A ina ya kamata in ajiye shi? Yanzu a cikin fayil ɗin yake.

Maman Sadik: Cire shi daga nan yanzun nan, ƙanena, kafin hannunka ya kai ga git add. Ka sa shi a fayil ɗin .env, ka rubuta .env a cikin .gitignore, shirin ya riƙa ɗaukowa daga can. Kada kuma ka cusa shi cikin adireshin clone, don zai zauna a .git/config a fili, ya kuma zauna a tarihin abin da ka buga. Idan wata rana ka mayar da shirin kan GitHub Actions don ya riƙa gudu da kansa, can ba ka buƙatar naka ma. Kowane gudu ana ba shi GITHUB_TOKEN nasa, kira 1,000 a awa ga kowane rumbu, yana mutuwa da an gama aikin.

Autan Zaure: Ni ina da wani tsoho da na yi bara, ban tuna me na latsa masa ba. Akwai yadda zan gani?

Shugaban Zaure: A shafin token ɗin an rubuta izinin kowanne a ƙarƙashin sunansa, da lokacin da aka yi amfani da shi a ƙarshe. Ko ka yi kira da shi da curl -I, ka duba layin x-oauth-scopes. Idan layin fayau yake, babu izini a kansa. Idan ka ga repo ko delete_repo ko workflow kuma ba ka san dalili ba, ka soke shi, ka ga abin da zai tsaya.

Baban Yusra: Tunda masana sun hallara, ga tawa. Akwai wani kunshin kod na Maven, manhajar haɗa ayyukan Java, da wasu suka ajiye a GitHub Packages, rumbun nasu a buɗe yake, amma marar izinin nan ya ƙi sauke min shi. Hajiya, ina ƙa'idar taki a nan?

Maman Sadik: Wannan ba rumbu ba ne Yaya, ma'ajiyar kunshi ce, dokarta daban. Maven da npm da NuGet a can suna son token ko da kunshin na jama'a ne, kuma tsohon nau'in suke karɓa. Ka yi masa nasa, ka latsa read:packages shi kaɗai. Kunshin Docker (image) na fili da ke ghcr.io ne kawai ake saukewa ba tare da an shiga ba.

Baban Yusra: Shi kaɗai, ban da repo?

Maman Sadik: Ban da repo, tunda rumbun nasu a buɗe yake. Ka sa shi a settings.xml na cikin .m2, ba a pom.xml ba, don shi pom ɗin yana tafiya da kod.